Jar Filta Da Ƙurar Illela

A rangadin makarantu da na yi cikin hunturun bana na sauka Illela ran Lahadi, ranar kasuwa. Wani ƙaramin malami da na sani tun yana ɗalibi ya jawo ni gefe domin ya nuna mini motarsa, irin 'yar Kwatanon nan mai ƙofa biyu wadda samari su ke kira motar tsere. Da bashin ƙungiyar malamai ya saye ta. Ya buɗe bonet yana murmushi, sai ga wata jar aba mai kama da hular dara a inda akwatin matatar iska ya ke a da. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan filta ba a sake ta har abada. Wanke ta a ke yi a shafa mata mai. Tana ƙara wa mota ƙarfi, tana kuma rage shan fetur." Na roƙe shi ya kwance ta, na zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, watau inda ya kamata a tarar da shi fes, na fito da yatsana ya yi fari da ƙura.

Tun da na ji zancen ya fara yawo tsakanin malamai da akawuna, ga abin da na gani a kai.

Inji ya fi shan iska bisa ga fetur nesa ba kusa ba. Kafin lita 1 ta fetur ta ƙone sai injin ya zuƙi iska wajen lita 9,000. To, mai karatu ya dubi iskar Illela daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya kan taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe mu har rana ta koma kamar faranti. Ya ƙara da turɓayar da shanu da raƙuma su ke tayarwa a kara, da ta manyan motocin da ke jiran ƙetarewa Birnin Ƙonni. Ƙurar nan yawancinta ɗiyan rairayi ne, kuma rairayi ya fi ƙarfen silinda tauri. Kadan ta wuce matata ta gauraya da baƙin mai, sai ta yi ta cin ringi da bangon silinda a hankali, kamar yadda maƙeri ya ke cin ƙarfe da magagari. Mai mota ba ya jin kome a shekarar fari. A ta biyu ne zai ga shuɗin hayaƙi a salansa, yana ƙara baƙin mai kowane mako, har ranar da bakanike zai ce sai an sauke inji.

Ita jar filtar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma ba zan zalunce ta ba. Wasu mutum biyu na Kalifoniya a Amurka, Ken Johnson da Norm McDonald, su suka fito da irinta a 1969 domin masu tseren babur, daga farkon sunayensu kuwa aka sami K&N. Yadin auduga ne sako-sako, ninki-ninki, tsakanin ragar waya, an jiƙa shi da mai domin ƙura ta manne. Lalle iska ta fi wuce ta da sauƙi bisa ga ta takarda. Amma dalilin sauƙin shi ne ƙofofinta sun fi faɗi, in an ɗaga ta ga rana har a kan hango haske ta cikinsu. Ƙofar da ta ba iska hanya ba ta hana lallausar ƙura. Mai tsere ya yarda da wannan ciniki, gama shi yana da kanikawa da ke wanke matatarsa bayan kowane gudu, kuma ya san za a kwance injin a sabunta shi ba da daɗewa ba. Malamin makaranta fa, wanda zai shekara uku yana biyan bashin motar?

Dattawa za su ce ai Land Rover ta Razdan da ta En'e a zamanin da, da Basuwaja, da tsofaffin manyan motoci, duk da mai su ke tace iska. Gaskiya ne, amma waccan dabara daban ce. Tukunya ce da mai kwance a gindinta, iska ta gangaro ta yi kwana a kan man, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, saura ragar ƙarfe ta kama. Karen mota ya kan zubar da man ya kwashe laka ya zuba sabo. Duk da haka masu ƙera motoci sun yi ta barin ta tun wajen shekarun 1960 suka koma ga takarda, domin takarda ta fi kama ƙananan ƙwayoyi, ba ta kuwa bukatar mai hidima kullum.

Sai zancen ƙarfi. Muddin direba bai take totur har ƙasa ba, abin da ke tauye iska shi ne murfin totur ɗin kansa, wanda ya ke a rabin rufe, ba matata ba. Ƙarin da jar filta ta ke bayarwa ba ya bayyana sai injin yana kan iyakar kukansa, ko a nan ma kaɗan ne ƙwarai. Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita 80 ne da 'yan kai, ta Gwadabawa da Kware, ga jakuna, ga amalanke, ga 'yan kabu-kabu, ga yara 'yan makaranta a bakin hanya, dokar hanya kuma ta tsaida ƙaramar mota a kilomita 80 cikin awa a irin wannan titi. A ina za a take totur ɗin? Har wa yau, wadda malamin ya ɗaura a tsirara ta ke, an jefar da akwatin da ke jawo iska daga waje. Saboda haka zazzafar iskar cikin bonet ta ke zuƙa, a ƙasar da zafin Afrilu ya kan wuce digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da auki. Abin da ya ƙaru tabbas shi ne gurnani, kuma ina zaton shi ne samari su ke saye.

Batun rage shan fetur shi ya fi jan hankalin mai albashi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, wanda duk mun ji a jikinmu. A 2009 ma'aikatar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da matatar da aka toshe da gangan. Suka tarar a motocin zamani masu injekta toshewar ta rage saurin tashi, amma ba ta ƙara shan fetur wani abin a zo a gani ba, domin kwamfutar motar tana auna iskar da ta shiga ta ba da fetur daidai da ita. Tsohuwar mota mai kafireta ce ta nuna bambanci. To, in toshewa ba ta ƙara shan mai a motar zamani ba, ta yaya buɗewa za ta rage shi?

Ma'aunin iskar nan ma wani abin lura ne. A motoci da yawa 'yar siririyar waya ce mai ɗumi da ke zaune bayan matata. In an cika wa filta mai, sai ya yi feshi a kan wayar, ƙura ta bi ta lulluɓe ta, ma'auni ya soma ba da lissafin ƙarya, mota ta riƙa shaƙewa, fitilar inji ta kama. Masu yin filtar suna da sabulunta da manta na musamman, sun kuma ce a bar ta ta bushe da kanta. Mu kuwa mun san garejinmu. Da fetur za a wanke ta, a kai wa mai faci ya hura mata iska, a tsoma ta cikin baƙin mai. An ce tana iya yin mil 50,000 kafin wanki, amma su da kansu sun ce wannan ya danganta da hanyar da a ke bi. Ba da hanyar Gada cikin Janairu aka yi lissafin ba.

Abu guda na yarda da shi cikin hujjar malamin. Ya ce filtar takarda ta jabu ta cika kasuwa, wadda gam ɗinta ke sakewa, robar bakinta ba ta zama daram. Wannan haka ya ke, kuma matatar da ba ta rufe gefe ba ta fi kowace sharri. Maganinsa shi ne a sayi ta kirki ko da ta fi tsada, a duba robar kafin a biya, a daina kai ta ga mai faci yana fasa ta da iska. Masu babur da injinsu ya zo da soso mai mai tun daga masana'anta su ci gaba da abinsu, su wanke, su matse man sosai.

Na tambayi malamin inda tsohon akwatin ya ke, ya ce yana ɗakin ajiya, matarsa tana zuba albasa a ciki. Na ce ya karɓo shi kafin hazon ya sake saukowa, ya sa takarda sabuwa, ya juye baƙin man da ke cikin injin tun bai kai lokacinsa ba, sa'an nan bayan wata guda ya sake zura yatsa cikin bututun ya aiko mini da labari Sakkwato.