Ganyen aboka ya lalace: mu duba tukunya kafin mu sayi magani

Ƴan'uwa manoma da masu garka, mutane da dama sun fara shuka ƙwallon aboka cikin tukunya, ko gwangwani, ko leda. Shi ne iccen da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira fiya. Ƙwallon ya kan tsiro da kyau, amma bayan ƴan watanni sai ganye ya fara lalacewa. Daga nan sai mai shi ya nufi kasuwa neman maganin ƙwari, wani ma ya ɗauko ragowar maganin wake ya fesa. A ganinmu wannan kuskure ne. Kuɗi sun tafi, an shigo da guba tsakar gida inda yara da kaji ke yawo, icce kuwa bai warke ba. Sau da yawa ciwon ɗan aboka daga ruwa da ƙasa yake, ba daga ƙwari ba.

Mu tuna cewa aboka baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa Meziko da Amurka ta tsakiya. Saiwarsa ba ta nisa cikin ƙasa, tana son iska, ba ta jure gishiri, ba ta jure kwanciyar ruwa.

Abin da aka fi gani shi ne bakin ganye ya bushe, ya yi ja kamar an kusanta masa wuta, bushewar kuma ta riƙa bin gefe-gefe. Yawanci wannan aikin gishiri ne. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da gishiri ko kanwa, kamar yadda mutanen Dallol Bosso da na ƙasar Manga suka sani. Kullum aka ba da ruwa kaɗan, rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna cikin tukunya. Saiwa ta ɗauke shi, ya hau ya taru a bakin ganye. Wani lokaci za ku ga farin gari a kan ƙasa ko a bakin tukunyar, to shi ne shaida. Wanda ya ga haka ya ƙara takin zamani, ya ƙara wa ciwo ƙarfi, domin takin zamani ma gishiri ne. Maganin shi ne wanke ƙasar. A zuba ruwa mai daɗi da yawa, kamar cikin tukunyar sau 2 ko 3, a bar shi ya tsiyaye ta ƙasa. A yi haka sau ɗaya a wata. In damana ta zo, a tari ruwan sama a ba shi, babu ruwan da ya fi shi. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore. Sabon toho za a duba a san ko an dace.

Akwai ciwon da ya fi wannan muni, kuma ƙauna ce ke kawo shi. Ganye ya yi laushi ya sunkuya, mai shi ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Gobe ganye ya ƙara sunkuyawa, ya sake ƙara ruwa. Alhali saiwar ce ta nutse, ta rasa iska, ta fara ruɓewa, ba ta iya shan ruwan da ke kewaye da ita. Kafin ku ba da ruwa, ku soka yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In akwai damshi, ku dakata. Ku kuma ɗaga tukunyar ku duba gindinta. Mun sha ganin aboka cikin gwangwanin da ba a huda ba ko sau ɗaya! In kuna shakka, ku zare iccen a hankali tare da ƙasarsa. Lafiyayyar saiwa fara ce, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana tsinkewa a hannu. In saura kaɗan ce mai rai, a sauya ƙasa, a gauraya ta da rairayi da ruɓaɓɓen taki. In duk ta yi baƙi, gara a shuka wani ƙwallo.

In ganye ya yi ɗorawa, ku lura da wane ganye ne. Tsofaffin ganyaye na ƙasa in suka koɗe gaba ɗaya, yunwa ce, sai a ba da ruɓaɓɓen taki kaɗan, banda ɗanyen kashin kaji. Amma in sababbin ganyaye na sama ne suka yi ɗorawa, jijiyoyinsu suka tsaya kore, iccen ya kasa samun ƙarfe daga ƙasa. Kanwa da toka da yawan ruwa ke jawo haka. Saboda haka kada a zuba tokar murhu cikin tukunyar aboka.

Sabon ganye mai ja-ja lafiyarsa lau, haka yake fitowa kafin ya yi kore. Haka nan in tsoho ɗaya ko biyu suka faɗi lokacin toho, babu damuwa.

Sai rana da iska. A watan Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Ranar azahar tana ƙona tsakiyar ganye da fatar kara, baƙar leda kuma tana dafa saiwa. A ajiye shi inda zai samu hantsi, ya shiga inuwa da tsakar rana, zana ta kare shi daga iskar hunturu. A lokacin ƙura ne wasu ƙwari ƙanana ƙwarai ke tsotsar ganye har ya yi tsatsa. Ku kaɗa ganyen a kan farar takarda. In ɗige-ɗige suna motsi, su ne. Wanke ganye da ruwa, sama da ƙasa, ya kan rage su. In abin ya ƙi, a kai wa malamin gona ganyen ya gani kafin a sayi komi.

Gaskiya ɗaya da ba mu so mu ɓoye: aboka na ƙwallo ya kan yi shekara 5 har fiye da 10 kafin ya yi ɗiya, a zafinmu kuma wani ba zai yi ba sam. Mai ruwa kaɗan ya fara da mangwaro, gwaba, lemu da zogale, aboka ya zo daga baya.

Ganyen da kuka tsinke ko ya faɗi, kada ku zuba wa awaki da tumaki. Yana da guba gare su, yana kumbura hantsar mai shayarwa, in ya yi yawa yana kisa. A binne shi cikin ramin taki.