Abin da ke sa hoton yara fitowa dishi-dishi

Ranar ƙaramar Sallah na ɗauki hoton autana a ɗakinmu nan Kwatano, na tura wa Hajiya Katsina, don ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ga wayarta: "Wai wannan yaro ne ko hayaƙi?"

Ashe matsalar ƙarancin haske ce. Kyamara kamar ido take, ta buɗe, haske ya shiga, ta rufe. A ɗaki mai duhu takan daɗe a buɗe, misali 1/30 na daƙiƙa, in yaro ya motsa sai fuskar ta caɓe. A 1/500 kuwa, ko tsalle yake za ta kama shi cak, amma fa sai da haske sosai.

Sai faɗin ƙofar hasken, wanda lambarsa a juye take: f/1.8 ya fi f/8 buɗewa da shigar da haske, sai dai abin da ke bayan mutum yakan dushe. Yawancin wayoyinmu wannan ƙofar ba ta canzawa, don haka mafita ita ce a fito da yaran tsakar gida da hantsi, a tsayar da su a inuwa.

Haka na yi washegari. Hajiya ta ce, "Hancin kakansa ne sak!"