Idan Hanya Ta Yi Ƙunci, Wa Zai Fara Wucewa?

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layin wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Sai a ƙarshen shekarar aka soma maido da shi. Waɗannan watanni sun nuna wa kowa darajar sadarwa. To, amma akwai wata katsewa da ba a yin shelarta: layi yana nan, ana cikin magana sai murya ta riƙa yankewa, rabin zance ya salwanta. Wannan ita ce muke so 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata su duba.

Duk saƙon da ya bi intanet, murya ne ko hoto ko takarda, ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi kafin a tura. A ofis ko asibiti, ƙunsoshin nan suna ratsa wata na'urar rarraba saƙo da masu aikin ke kira suwic. Idan sun zo da yawa fiye da abin da hanyar fita za ta ɗauka, sai su yi layi kamar masu ɗiban ruwa a bakin burtsatse. Wurin jiran ƙarami ne. Da zarar ya cika, na'urar sai ta zubar da duk wanda ya zo daga baya, ba ruwanta da abin da ya ƙunsa. Idan na takarda ne ya faɗi, kwamfuta takan sake aiko shi. Murya kuwa ba ta jira. Ƙunshi guda yakan ɗauki milisakan 20 na magana, kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150. Abin da ya makara, tamkar ya ɓata ne.

Maganin yana cikin na'urar, muddin irin wadda ake iya saitawa ce. Ƙa'idar 802.1p ta tanadi matakai 8 na fifiko, daga 0 zuwa 7, kuma a tsarin DSCP akan yi wa murya alama da lamba 46. Ma'aikaci zai sa murya a layin gaba, ya ware wa takardun aiki rabonsu, ya bar bidiyon nishaɗi a baya, sa'an nan ya ƙayyade rabon layin gaban domin kada ya cinye na kowa.

Wani zai ce ai a faɗaɗa hanyar kawai. Muna tare da shi, domin wannan saiti ba ya ƙara wa hanya faɗi ko na taƙi ɗaya. Iyakarsa ya zaɓi wanda za a zubar. Amma a ƙasar da ke bakin dajin Rugu, inda kira guda kan zama gargaɗin hari ko neman motar ɗaukar mai naƙuda, wannan zaɓi ba abin wasa ba ne. Na'urar da aka bari yadda ta fito daga kwali ta riga ta yanke hukunci cewa kiran malamin asibiti da bidiyon raha darajarsu ɗaya. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, duk kwangilar kayan sadarwa da ƙaramar hukuma za ta bayar, a rubuta saitin fifiko a ciki, kuma a gwada shi lokacin cunkoso kafin a biya kuɗi. Na biyu, tun da alamar fifiko ba lallai ta yi aiki ba bayan saƙo ya bar ƙofar ofis, wajibi ne Hukumar NCC ta auna kamfanonin waya a Batsari da Safana da ma'aunin da take auna su a Abuja. Na uku, mu ɗaliban kwamfuta, har da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka, mu koyi aikin nan da hannunmu, kada mu tsaya ga haddar jarrabawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace.