Mudun Kasuwa da Kwandon Baiko



Watan Disamba ya ƙarato, kowa kuma ya san abin da ke tafe. Mawaƙa sun fara gwajin waƙoƙin Kirsimeti, yaran Makarantar Lahadi suna haddace wasan makiyaya da mala'iku, iyayenmu na Zumuntar Mata sun fitar da ankon bana, maza kuma sun buɗe littafin watanda. A cikin shirye-shiryen nan akwai wanda ikilisiya take alfahari da shi fiye da sauran, wato buhunan shinkafa da man gyaɗa da turamen atamfa da za a kai wa gwauraye da marayu. Mu matasa ba mu da faɗa da wannan, mu ne ma masu ɗaukar buhunan a ka. Faɗanmu yana kan hanyar da kuɗin yake bi kafin ya faɗa cikin kwandon baiko.

A ɗauki gwauruwa guda daga cikin waɗanda sunansu ke cikin takardar rabo, a bi shekararta daga farko. Da damina ta tsaya masararta ta fara yin rawaya, ba kuɗin taki. Ta je wurin mai hali, ya ba ta kuɗi bisa sharaɗin ba da kaka: yau a karɓi kuɗi kaɗan, in an girbe a biya da buhu. Shi ya yanka farashin buhun tun masara ba ta yi goyo ba, ya kuma yanka shi yadda ko kasuwa ta faɗi ba zai yi asara ba. Kaka ta yi, ya aiko yaransa suka ɗauki nasa tun daga bakin gona. Abin da ya rage ta kai kasuwa, domin ga kuɗin makaranta, ga kayan yara na Kirsimeti. Ranar kuwa kowa ya kawo nasa, hatsi ya yi yawa, farashi ya kwanta. Mai saye ya zo da mudunsa na saye, wanda aka bubbuga gindinsa ya ƙara zurfi, ya cika shi ya yi masa tozo, ya kuma nemi gyara. Ya kai ɗakin ajiya ya zuba magani ya kulle. A watan Yuni ko Yuli, sa'ad da rumbunta ya ƙare, za ta dawo wurinsa ta sayi masarar da ta noma da hannunta, da wani mudun dabam, a kan farashin da ba ta taɓa gani ba lokacin da take mai sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wane ne wannan mai hali? Da baƙo ne daga wata ƙasa, da maganar ta yi sauƙi. Sau da yawa ɗan ikilisiya ne, yana da wurin zamansa a bencin gaba, wani lokaci ma shi ke zagawa da kwandon. Ran Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti za a karanta sunansa a lasifika, an ce ya ba da buhu biyu domin gwauraye, jama'a su yi tafi, mata su rangaɗa guɗa. Ita kuma a ba ta mudu biyar daga ciki, a ɗauke ta hoto tana durƙuso, a sa a Facebook. Mun ƙi kiran wannan kyauta. Ɗan abin da aka ƙwace ne aka mayar, aka kuma karɓi godiya a kai.

Ku dubi abin da ke faruwa a ranar baikon godiya, lokacin gwanjo. Zakara guda da bai fi na miyar yini ɗaya ba, sai a yi ta ƙara masa kuɗi har ya kai farashin akuya, domin mai shela yana kiran suna, idanu kuma suna kallo. Madalla, aikin Ubangiji ya samu. Amma washegari Litinin, mutumin nan da ya sayi zakara da kuɗin akuya zai tsaya a gaban tsohuwa mai tallan daddawa ko alayyafo, ya yi minti goma yana ja mata naira hamsin, ya juya kamar zai tafi don ta kira shi, ta kuwa kira shi domin rana ta yi kayan za su yanƙwane. Ya dawo gida yana fariyar ya iya ciniki. Karin Magana 20:14 ta zana hoton wannan mutum tun da daɗewa: mai kushe kaya a gaban mai shi, ya ba da baya yana yabon kansa.

Akwai sura guda da ba a cika karantawa a watan Disamba ba, ga shi kuwa ita ta fi dacewa da watan. A Amos 8:4-6 annabin yana magana da 'yan kasuwa masu addini. Suna kiyaye Asabar, suna kiyaye idin tsayuwar wata, ba su buɗe rumfa a ranar sujada. Sai dai suna zaune a wurin ibada zuciyarsu tana ƙidayar sa'o'i, a tashi su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su karkata ma'auni, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar, har su mallaki matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Ku lura, ba a zarge su da rowar baiko ba. A sura ta 4 da ta 5 an nuna suna kawo hadayu da zaka a kan kari, suna kuma son a yi shelarsu, Ubangiji ya ce ba ya so, ya ƙi jin waƙoƙinsu. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa, ta kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Zakka kuma, ran da Yesu ya sauka a gidansa a Yariko, abu biyu ya yi: ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ana yawan yi mana wa'azi a kan na farkon. Na biyun ne ake tsallakewa, don shi ne yake bukatar a je ƙofar gidan wani a sunkuyar da kai.

Mun san amsoshin da za a ba mu, mun sha jinsu.

Za a ce kasuwa kasuwa ce, coci kuma coci, ba a tilasta wa kowa ya sayar ba. Wadda ɗanta ke kwance da zazzaɓi, ba ko sisi a ƙullin zanenta, ba a sa mata wuƙa a wuya ba, gaskiya ne. Amma wanda ya ga halin da take ciki ya rage tayi saboda ya gani, ya san abin da ya yi, Allah kuma ya sani.

Za a ce ai Yusufu ma ya tara hatsi. Ajiya ba laifi ba ce, in babu masu ajiya da ba a sami abin saye da bazara ba, mai ajiya kuma yana da hakkin ribarsa, ya biya haya, ya sayi magani, ya jure ɓarnar ƙwari. Sai dai Yusufu ya tara ne don kada ƙasa ta hallaka, ba ya kulle ƙofa yana addu'ar yunwa ta ƙara tsanani ba. Karin Magana 11:26 ta faɗi abin da jama'a suke yi wa mai ɓoye hatsi, ba albarka ba ce.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa mu ma a matse muke. Wannan gaskiya ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa kowa ya san iyakar inda yake kaiwa. Ba mu ce ma'aikaci ya sayi abu ninki biyu don a ce yana da kirki ba, ba mu kuma ce a daina tayi ba, tayi al'adar kasuwarmu ce har da daɗin hira a ciki. Tambayarmu ita ce, me ya sa ƙarfin tayin yake sauka a kan marar ƙarfi kaɗai? A babban kanti ana biyan abin da aka rubuta a jikin kaya ba ko tari. A gidan mai haka. Sai an zo kan Bafulatana mai nono da ta taso da ƙafa tun asuba, ko yaro mai turin kaya, ko manomin citta na kudancin Kaduna wanda cuta ta cinye masa gona a daminar 2023, sannan kowa ya zama gwanin lissafi. Zaman kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa, shi kuma ya nemi wanda zai danne. Dokar biyan ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, a Maimaitawar Shari'a 24:14-15, ta haɗa ɗan gida da baƙo. Saboda haka kada wani ya ce ai wannan ba namu ba ne.

Waɗansu kuma da sun ji an ce cinikin adalci sai su ce abin Turawa ne. To, ku ji inda abin ya fito. A 1946 wata mace 'yar ikilisiyar Menonayit a Amurka, Edna Ruth Byler, ta ziyarci tsibirin Fato Riko ta ga mata matalauta masu gwanintar ɗinkin hannu amma ba kasuwa. Ta sayo kayansu, ta riƙa yawo da su a bayan motarta tana sayar wa 'yan'uwa, aikin da ya girma ya zama shagunan Ten Thousand Villages. A 1949 ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, wadda ta aiko Stover Kulp da Albert Helser zuwa Garkida a 1923 har aka sami EYN, ta kafa SERRV don sayar da aikin hannun 'yan gudun hijirar Turai bayan yaƙin duniya na biyu. A Ingila, Kiristoci ne suka kafa Traidcraft a 1979, shekaru da yawa kuma a kan tebur a bayan majami'a ake sayar da shayinsu da kofi bayan an tashi sujada. Tambarin farko na irin wannan ciniki ya fito a Holan a 1988, da hannun wani firist, Frans van der Hoff, da ke zaune tare da manoman kofi a kudancin Meziko. Ka'idar mai sauƙi ce: a tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba ko kasuwa ta faɗi, a kuma ɗora wani ƙari da ƙungiyar manoma za ta yi aikin gayya da shi, kamar rijiya ko aji. A Gana, ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo da aka kafa a 1993 ta yi suna ne a kan abu guda da kowane manomi a nan zai gane: sikelinta ba ya cuta, manomi kuma yana da ikon dubawa. Tsarin yana da nasa gyare-gyare, tambari a jikin kwali ba ya tabbatar da cewa ɗan ƙwadagon gonar ya ƙoshi. Amma masu bi ne suka fara shi, daga Littafin da yake hannunmu. Su sai sun ƙetare teku kafin su ga manomin da suke saye a wurinsa. Mu namu yana zaune kusa da mu a benci ɗaya, muna shan Jibin Ubangiji tare.

Kafin ma a kai kasuwa, a leƙa cikin harabar ikilisiya. Akwai majami'un da za su sayi fitilu masu walƙiya da sabon labulen bagade a wannan wata, alhali mai gadi yana bin albashin wata uku, mai bishara da aka tura ƙauye kuma yana noma gonar wani don ya ci. A gidaje akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Ita za ta tashi da asuba ran 25 ga wata ta hura wuta, ta soya nama da cincin, ta kai wa maƙwabta abinci gida gida, ba za ta ga ƙofar coci ba, kayan Kirsimetinta kuma kwancen 'yar masu gida ne. Ga tela da ya kwana biyar bai runtsa ba don ankonmu ya fito, a karɓi ɗinki a ce masa sai bayan biki. Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana da murya, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ganga da jita ba su rufe shi.

Baba Fasto, iyayenmu dattawa, da girmamawa muke kawo wannan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga roƙonmu na bana. Kada a fitar da ko naira ɗaya ta ado sai an biya kowane ma'aikacin ikilisiya abin da yake bi. Hatsin da za a raba wa mabukata a saye shi kai tsaye daga hannun manoman ikilisiya da na ƙauyukan da muke da ɗakunan addu'a, da mudu guda da kowa ya gani, a kan farashin da kwamiti da masu sayarwa suka zauna suka amince. Wani kashi na kuɗin gwanjo a ware shi ya zama rancen taki marar ruwa ga gwauraye a watan Yuni, domin a lokacin ne ake kama su, ba a Disamba ba. Wanda yake riƙe da bashin ba da kaka a kan wata gwauruwa, dattawa su zauna da shi a asirce kafin a karɓi buhunsa. Rabon kuma a yi shi da yamma, gida gida, ba hoto. Zumuntar Matasa ta ɗauki nauyin awo da dako da rubuta lissafi, za mu kuma kawo mudun ran Lahadi a ajiye a ofishin ikilisiya don duk mai so ya gwada shi da nasa.