Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rubuta Manhaja A Bakin Tafkin Kainji

'Yan'uwa,

Na san abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Tun 1968 aka kammala madatsar Kainji, amma ku da ke Yelwa da Wara da Shanga, maƙwabtan ruwan da ke juya injinanta, da janareta ko sola kuke yawan cajin kwamfuta. Kana tsakiyar tura aiki sabis ya ɗauke. Mai aiki ya ce a yi masa manhaja irin Facebook, wata na zagayowa ya canza shawara, cikon kuɗi kuma sai albasa ta yi daraja. Kukanku gaskiya ne. Kan mai aiki maganata gajera ce: ku rubuta yarjejeniya, ku karɓi kafin alƙalami, kowane ƙari da farashinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai riƙe manhajar. Ku je kasuwar Yauri ku tsaya kusa da dillalin bandar kifi. Wayarsa tsohuwa ce, gilashin ya tsage, hannunsa da maiƙo, data kuwa ta kwana ɗaya yake saye. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ba za ta kwana a wayarsa ba. Ku tsara ta ta ajiye lissafi cikin wayar, ta tura idan sabis ya dawo. Kuma don Allah ku ba kowane ciniki lambarsa, domin idan layi ya yanke mutum zai sake dannawa, kada buhu ɗaya ya shiga littafi sau biyu. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san zafin "an cire, bai shiga ba".

Akwai aikin da ke jiranku a mashigar ruwa. Lokacin da jirgi ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021, rahotanni sun sha bamban kan yawan mutanen da ke ciki, iyalai na bakin ruwa suna jira. Rajistar fasinja mai sauƙi, da Hausa, da manyan madannai, wadda mai kula da lodi zai cika kafin a tayar da inji, ba ta fi ƙarfinku ba. Ku zauna da sarkin ruwa da masu jirage tukuna, ku ji yadda suke lodi ranar kasuwa, sannan ku gwada ta a bakin ruwan Ngaski, a wurin da sabis ke yankewa.

Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Ɗan'uwanku a sana'a.