Wayar Hannu: Kada Mu Bar Jaki Mu Daki Taiki

Yau a Karare da sauran garuruwan Batsari da Safana da wuya ka shiga gidan da babu wayar hannu. Tun da wannan waya ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 take ta yaɗuwa, har ta kai manomi da makiyayi da mai tallar ƙosai kowa na da tasa. Amma tare da ita tsoro ya shigo. Wasu na cewa tana fitar da wani tururi mai dafa ƙwaƙwalwa, wasu na cewa tana kawo ciwon daji. Ni a nawa ra'ayi, abin da muke tsoro ba shi ne babban haɗarin ba. Babban haɗarin yana cikin batir da caja, waɗanda muke wasa da su kullum.

Bari mu fara da tururin. Waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta hanyar igiyoyin rediyo, dangin waɗanda ke kawo mana labarai a akwatin rediyo. Ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne, wanda yawansa ke iya lalata ƙwayoyin jiki. Abin da aka tabbatar igiyoyin waya na yi shi ne ɗumama fata kaɗan. Saboda haka aka sa iyaka. A Amurka ba a yarda abin da kai ke sha ya wuce wat 1.6 a kowane kilo ba, a Turai kuma wat 2. Ana kuwa bin dokar, domin a shekarar 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 na ɗan lokaci, bayan gwaji ya nuna ta wuce iyakar da aka sa wa gaɓoɓi.

Gaskiya ne a shekarar 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan igiyoyi cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji. Ma'anar haka ita ce hujja ba ta isa a yanke hukunci ba, sai a ci gaba da bincike. An kuwa ci gaba. A shekarar 2024 aka fitar da sakamakon wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63, kuma bai sami alaƙa tsakanin wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, ko ga waɗanda suka shekara goma suna amfani da ita.

Mu tuna kuma ba yau aka fara ji-ta-ji-ta a kan waya ba. A shekarar 2011 an baza labarin wai akwai wata lamba da ke kashe duk wanda ya amsa kiranta, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ƙaryata. A shekarar 2020 aka ce sabis ɗin 5G ke kawo cutar korona, alhali kuwa sai a 2022 aka buɗe shi ga jama'a a Nijeriya.

Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da hanya mai sauƙi. Ƙarfin igiyoyin yana raguwa ƙwarai da zarar waya ta ɗan yi nisa da jiki. To, sai ya sa iyafis ko ya buɗe sifika, ya kuma rage doguwar hira. Akwai wani abin da ya shafe mu musamman: idan sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfi don ta kai ga ƙarfen sabis, sai ta yi zafi, cajinta kuma ya zube da sauri. Ke nan gara mutum ya fito inda sabis ke da kyau kafin ya yi kira. Ya huta, batirinsa ma ya huta.

Yanzu mu dawo ga ainihin jakin. Batirin waya na sinadarin litiyam ne, kuma babban abokin gabansa shi ne zafi. Masu ƙera wayoyi da dama suna cewa kada a yi aiki da waya a zafin da ya wuce digiri 35. Mu kuwa a nan, a watannin Afrilu da Mayu, zafin bazara kan haura digiri 40. Amma sai ka ga an ajiye waya a kan katanga cikin rana, ko an jona ta an tura ƙarƙashin matashin kai an yi barci. Zafi yana rage kwanan batir, idan kuma ya yi yawa yana iya sa shi ya kumbura ko ya kama da wuta. Kada mu ɗauka tatsuniya ce. A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 saboda batiransu na kamawa da wuta. In haka ta sami batirin babban kamfani, ina ga jabun da ake sayarwa a kan tebur ranar kasuwa? Araha dai ba ta ado.

Mu dubi irin gidajenmu: dangar kara, jinkar ciyawa, ga rumbun hatsi kusa, ga iskar hunturu. Tartsatsi ɗaya daga batir ya isa ya cinye abin da magidanci ya noma a shekara.

Wani zai ce, "Ai mu ba mu da zaɓi. Wutar lantarki ba ta samuwa, dole mu kai wurin mai caji, mu cika waya fal." Maganarsa na kan hanya. Amma akwai abin da ke hannunmu. Mai caji ya sa wayoyi a inuwa, kada ya jibge su wata kan wata, ya kuma nisanta su daga janareta da galan ɗin fetur. Mai waya ya nemi caja ta ƙwarai, ya yar da wadda igiyarta ta kwaye, kada kuma ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Kada a bari caji ya ƙare ƙaf kullum. In da hali, a jona tun yana wajen kashi 20. In batir ya kumbura, aikinsa ya ƙare. Kada a huda shi, kada a danne shi, kada a ba yaro ya yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi a bolar da za a ƙona. A kai wa mai gyaran waya.

Mu a wannan yanki mun san darajar waya fiye da mutanen birni. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, mun ga yadda ciniki ya tsaya, 'yan'uwa suka kasa jin labarin juna. Wayar da batirinta ya lalace ta mutu da tsakar dare, daidai take da ranar da aka rufe sabis: ba ka kiran mai mota ga mai naƙuda, ba ka faɗakar da maƙwabta.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da Allah ya ba damar karatu, mu riƙa karanta wa iyayenmu 'yar takardar gargaɗin da ke zuwa cikin kwalin waya, mu duba batiran gidanmu, mu daina yaɗa labarin da ba mu tabbatar ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.