Gas Ba Ya Tashi Sama: Gargaɗi Ga Masu Haɗa Tiyo da Kansu

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ya karkata zuwa Ajingi a 'yan shekarun nan, zai lura da wani sauyi a teburin mai shayi da rumfar mai suyar ƙwai. Itace da kananzir suna ja da baya, tukunyar gas tana maye gurbinsu. Ni ban ga laifin wannan sauyi ba, domin hayaƙin itace ya daɗe yana cin idanu da ƙirjin iyayenmu mata, dajinmu kuma ya ƙare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake haɗa kayan. Na taɓa ganin wani matashi a bakin kogi ya jona ɗan ƙaramin murhu da babbar tukunya ta hanyar tiyon ban ruwa, ya ɗaure bakin da tsinken roba, yana shirin sanya su cikin kwalekwale domin gasa kifi. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya gwada, wuta ta kama. Kamawar wuta ba ita ce shaidar cewa haɗi ya yi daidai ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin tukunyar. Gas ɗin girki cakuɗe ne na sinadarai biyu, furofen da biyuten, waɗanda aka matse har suka zama ruwa. Shi ya sa idan ka girgiza tukunya za ka ji motsi a ciki. Ƙarfin matsin da ke cikinta yana ƙaruwa da zafin rana. A zafi irin na watan Afrilu a ƙasar Kano, wato maki 40 a ma'aunin salshiyas, matsin furofen zalla yana haura bar 13, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 ne da ɗoriya. Shi kuwa murhun girki na kan tebur, abin da yake bukata bai wuce milibar 30 ko makamancin haka ba. Ɗalibin da ya iya rabawa zai ga cewa tazarar ta kai ninki ɗaruruwa. Aikin na'urar nan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, wadda masu sana'ar ke kira regileta, shi ne sauko da wancan babban matsi zuwa wannan ƙarami.

A nan ne kuskuren yake faruwa. Murhunan gas iri biyu ne. Akwai wanda ake murɗawa kai tsaye a kan ƙaramar tukunya. Ƙofar fitar gas ɗinsa tsukakkiya ce ƙwarai, domin an ƙera ta ne ta karɓi babban matsi. Akwai kuma wanda ke jiran gas ɗin da aka riga aka rage wa ƙarfi, ƙofarsa ta fi faɗi. Idan aka jona nau'in farko a bayan regileta, sai wutar ta fito 'yar ƙanƙanuwa, ba ta iya tafasa ko ruwan shayi. To, me mai murhu zai yi? Sai ya ce regileta ce ta lalace, ya cire ta, ya bar tiyo da ɗaurin roba suna ɗauke da dukkan matsin tukunya. Idan kuwa nau'i na biyu aka jona ba tare da regileta ba, harshen wuta zai yi tsalle ya wuce kan mai girki.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Masu jiragen ruwa na shaƙatawa a Turai da Amurka sukan so su jona murhun gashin nama na tafi-da-gidanka da bututun gas na cikin jirgi, don su huta da sayen ƙananan gwangwanaye. Su ma sukan ci karo da abu guda: murhun yana da tasa regileta, bututun jirgin kuma an riga an rage masa matsi, saboda haka wuta ba ta yin ƙarfi. Bambancin shi ne a can an kafa ƙa'idoji masu tsanani. Ana ajiye tukunya a cikin akwati na musamman da aka toshe shi daga cikin jirgi, a huda ƙasansa yadda duk gas ɗin da ya tsiyaye zai zube waje, saman ruwa.

Me ya sa ƙasan akwati aka huda, ba samansa ba? Amsar ita ce ginshiƙin wannan rubutu. Yawancinmu mun ɗauka duk abin da ake kira iska sama yake yi, kamar hayaƙi. Gas ɗin girki ba haka yake ba. Furofen ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da ninki ɗaya da rabi, biyuten kuwa ninki biyu. Idan ya tsiyaye sai ya gangara ƙasa kamar ruwa, ya nemi kwari ya kwanta. Jirgin ruwa kuwa, babba ne ko kwalekwale, ƙwarya ce: an yi shi ne don kada ruwa ya shiga, saboda haka abin da ya zuba a ciki ba shi da mafita. A shekarar 1999, a tashar Poole ta ƙasar Ingila, wani jirgin horar da matuƙa mai suna Lord Trenchard ya tarwatse bayan gas ya tsiyaye ya taru a cikinsa, aka zo tayar da janareta. Matuƙin ya rasa ƙafarsa.

Mai karatu a Ajingi zai iya cewa shi ba shi da jirgi. To, ya dubi ɗakinsa. Ɗakunanmu na ƙasa da yawa suna da dokin ƙofa mai tudu don tare ruwan damina, daɓen ciki ya fi tsakar gida zurfi, taga kuma 'yar ƙarama ce can kusa da rufi. Wannan ɗaki da cikin kwalekwale duk ɗaya ne a wajen gas. Wanda ke tsaye ba lalle ne ya ji wari ba, amma yaron da ke kwance a tabarma yana cikinsa tsundum. Ga wani lissafi da malamai za su iya bai wa ɗalibai: kilo 1 na gas, idan ya fita daga tukunya, yana cika kusan rabin mita mai siffar kube. Gas kuma yana kama wuta idan ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wuri. Ke nan kilo 1 ya isa ya mai da ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 ya zama abin fashewa, tun daga daɓe har rufi. Ashana ɗaya ko tartsatsin makunnin lantarki ya wadatar.

Warin da muke ji ma ba na gas ba ne. Wani sinadari ne ake zuba masa da gangan. Akwai tarihi mai ɗaci a bayan haka, kuma ya shafi makaranta. A ranar 18 ga Maris, 1937, a garin New London na jihar Texas ta Amurka, wata makaranta ta fashe, mutum kusan 300 suka mutu, galibinsu ɗalibai. Hukumar makarantar ce, don neman sauƙin kuɗi, ta jona bututunta da na ragowar gas ɗin wani kamfanin mai, gas marar wari ya yi ta taruwa a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar sanya wa gas wari. Haɗin neman araha ne ya jawo wannan asara.

Na san abin da za a ce mini: talauci ne, kuma ƙwararru ba su da yawa a karkara. Gaskiya ne, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane suka koma mai da janaretocinsu masu amfani da gas. Amma kuɗin tiyon gas na ainihi da maɗaurin ƙarfe guda biyu bai kai na jinyar ƙuna ta kwana ɗaya ba. A nawa ra'ayin, kada a jona murhu da wata tukunya ko bututun da ba domin su aka ƙera shi ba, kada kuma a cire regileta don wuta ta ƙara ƙarfi. Masunta da masu fito su yi girkinsu a tudu, a bar kwalekwale ba wuta.

Nauyi mafi girma yana kan malaman kimiyya na makarantun sakandare na Gaya da Ajingi. Darasin nauyin iska da matsi yana cikin manhaja, sai dai ana koyar da shi a kan allo kawai. Malami ya kawo regileta da tiyo cikin aji, ya nuna yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗa don a ga kumfa idan akwai yoyo, ya hana gwaji da ashana. Ya koya wa yara cewa idan an ji wari a rufe bakin tukunya, a buɗe ƙofa, kada a taɓa makunni, a fitar da masu barci a ƙasa tun farko. Yawancin waɗannan ɗalibai su ne ake aika wa sayo gas, kuma su ne ke ɗaura tiyo idan sun dawo gida.